Magidanci ya hana a yi wa 'ya'yansa rigakafi ana tsaka da annoba: 'yancinsa ne ko shiga haƙƙin maƙwabta?

Abban Ummi:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana lafiya da na shari'a. A gidajen haya na Kurna ko Rijiyar Lemo a Kano za ka tarar da iyali biyar a tsakar gida ɗaya, yara na wasa tare dare da rana. Idan mashaƙo ko ƙyanda ta shigo unguwa, mutum ɗaya ya kafe cewa ba mai taɓa masa 'ya'ya da allura, akwai dokar da za ta tilasta shi? Kuma yaran da aka riga aka yi wa, akwai abin da zai same su?

Sista Binta:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki tambaya ta biyu. Eh, akwai haɗari, amma ba ɗaya yake ga kowane yaro ba.

Allurar ƙyanda sai jariri ya cika wata 9 ake yin ta farko, ta biyu a wata 15. Ke nan duk jaririn da bai kai ba, kariyarsa tana hannun yaran da ke kewaye da shi. Ta farkon ma tana kama jikin kusan yara 85 ne cikin 100, shi ya sa aka ƙara ta biyu. Mai ƙyanda yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da uwa ke zaton mura ce, kuma ƙwayar na iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan ya fita. Sai an yi wa kusan 95 cikin 100 rigakafi sannan take rasa hanyar wucewa.

Mashaƙo kuma, wanda Kano ta fi kowace jiha shan wahalarsa a 2023, allurar Penta, mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, ita ce rigakafinsa: ana yi wa jariri a sati 6, sati 10, sati 14. Inda ake faɗuwa shi ne a yi ta farko, yaro ya yi zazzaɓi ya kwana yana kuka, mai gida ya ce an daina. Wannan zazzaɓin kwana ɗaya ne ko biyu, farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa ya isa. Allura ɗaya ba ta wadatar. Idan an tsallake lokaci ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba, a dai zo da kati.

In kuka ga ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, da wata fata mai ruwan toka a can ciki, kada a kira wanzami ya cire beli, kada a kankare. Jini zai ɓalle, kuma gubar mashaƙo da ke taɓa zuciya tana nan. Asibiti kai tsaye. 'Yan gidan su ma ana ba su maganin kashe ƙwayar cuta ko da an yi musu rigakafi, domin lafiyayye na iya ɗauke da ita a maƙogwaro.

Barista Sani:
Malam Abban Ummi, shari'a ta raba baligi da yaro. A hukuncin Okonkwo na 2001, Kotun Ƙoli ta ce baligi mai hankali na da ikon ƙin magani ko da zai rasa ransa. Amma a shari'ar Esabunor da Faweya ta 2019, inda uwa ta hana a ƙara wa jaririnta jini saboda aƙida, kotun ta ce ran yaro ya rinjayi aƙidar iyaye. A lura, duka biyun ba a kan rigakafi aka yi su ba, kuma yaron can yana bakin mutuwa ne, ba lafiyayye ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ita ce ta fito fili ta ɗora wa iyaye alhakin kammala rigakafin yaron da bai kai shekara 2 ba.

Sashe na 45 na tsarin mulkin 1999 ya yarda a taƙaita wasu 'yanci saboda lafiyar jama'a. A aikace hukuma ba ta danne mutum ta soka masa allura, sharaɗi take gindayawa. Daga 1 ga Disamba 2021 an ce ma'aikatan tarayya su nuna katin korona ko sakamakon gwaji kafin shiga ofis. Maniyyaci ma ba ya tashi sai da allurar sanƙarau, ban kuwa ga ana zanga-zanga a sansanin alhazai ba. Kai maƙwabci ba ka da hurumin tilasta kowa. Ka sanar da mai unguwa da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

Malam Habu Gwale:
Barista, Allah ya ƙara sani, amma doka ita kaɗai ba ta taɓa cin wannan yaƙi a Kano ba. Mai ƙin allura ba daga sama tsoronsa ya faɗo ba. A 1996, ana cikin annobar sanƙarau, kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka rasu, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma wa zai tsaya bambancewa? Da aka dakatar da ɗigon shan inna a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Abin da ya dawo da shi a 2004 shi ne gwaji da aka yi, da kawo wanda aka sarrafa a Indunusiya, sannan sarakuna da malamai suka shiga gaba. A 2014 aka ga mai ainihin shan inna na ƙarshe a jihar nan.

Ta fuskar addini, ƙa'idar a bayyane take: ba cuta, ba cutarwa. Annabi (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana na ciki fita, wannan kuwa taƙaita 'yanci ne don kare wasu. Sayyadina Umar da ya juya daga hanyar Sham aka ce gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. A tura wa mutumin nan limamin da yake jin maganarsa, a keɓe, ba a gaban matansa ba. Wanda aka kunyata a bainar jama'a ƙara kafewa yake yi.

Injiniya Kabiru:
Ƙari kan maganar Malam Habu: a bar shi ya duba kwalbar da idonsa, haƙƙinsa ne. Ana ajiye rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8. A jikin kwalba akwai da'ira da ɗan murabba'i a tsakiyarta. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske zafi bai lalata ta ba, in launinsu ya zo ɗaya ko ya fi duhu, zubarwa ake yi. Penta kuma daskarewa ce ke kashe ta, don haka ba a manna ta da ƙanƙarar da aka ciro daga firiza kai tsaye. Ta ƙyanda in an haɗa ta da ruwanta awa 6 take yi, shi ya sa wasu asibitoci ke ware mata rana guda a mako. A tambayi ranar tukuna, kada a sha wahalar lallashinsa ya je a ce ya dawo jibi. Sirinji sabo a ɓare a gabansa, a zauna minti 15 zuwa 30 bayan allura.

Abban Ummi:
Na gode ƙwarai. Sista, in ƙyandar ta riga ta shiga gidan fa?

Sista Binta:
A keɓe mai ita har kwana 4 bayan fitowar ƙuraje, a kai shi asibiti a ba shi bitamin A, yau da gobe. Sauran yaran da ba a yi wa allura ba, in an yi musu cikin awa 72 da haɗuwarsu da shi tana iya tare ta. Jarirai da masu ciki su koma wani ɗakin, ko gidan dangi in da hali.