Makin sakandare da neman gurbi a jami'o'in Amurka

Ga abin da na tattaro daga wata muhawara da aka yi kan tasirin makin sakandare wajen samun gurbi a jami'o'in Amurka:

1. Kusan kowa ya yarda cewa jami'o'in Amurka suna ba GPA muhimmanci sosai, wato matsakaicin makin sakandare, wanda aka saba aunawa a kan 4.0.
2. Ba lambar kaɗai ake dubawa ba. Mai 3.7 da ya ɗauki darussa masu tsauri irin na AP (darussan matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare) yana iya shan gaban mai 4.0 da ya zaɓi masu sauƙi. Iyaye, don Allah ku riƙe wannan.
3. Wanda ya yi tuntuɓe a aji 9 (shekarar farko ta babbar sakandare a Amurka) ya farfaɗo daga baya, kada ya karaya.
4. A kan SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a, aka rabu. Wasu sun ce darajarta ta ragu, tunda Jami'ar Kalifoniya ta daina dubawa. Wasu kuma suka kawo MIT, jami'ar fasaha ta Massachusetts, da ta dawo da sharaɗin SAT a 2022.