Ya ake gane birkin tirela mai saita kansa?

MaiTirela:
Salam jama'a. Dan Allah na sayi tirelar tafiye-tafiye ta hannu, irin mai ɗaki da gado da ake ja da mota, birkinta na lantarki ne mai durom. Wanda ya sayar min yace wai mai saita kansa ne ba ruwana da taɓa shi, amma kwanan nan sai na ƙara wuta sosai a kwanturola, na'urar da ke tura wa birkin wuta daga mota, kafin inji tana riƙewa. Ya zan gane ko da gaske ne, kuma in shi ne meyasa yake haka?

TsohonBakanike:
Wslm. Malam gani ya kori ji, ɗaga ta da jak a jikin firam ba a aksul ba, ka tokare ta da kyau sannan ka cire taya da durom. Can ƙasa tsakanin shu biyun, wato ƙarafan da ke matse durom daga ciki, akwai wani ɗan gare mai haƙora, in sifirin kawai ka gani kwance a kansa toh na hannu ne. In kuwa akwai siririyar waya da ta taho daga sama ta bi ta jikin shu ɗaya ta kama wani ɗan ƙarfe da ya hau kan haƙoran, wannan shine mai saita kansa, duk sanda ka taka birki in tazara tayi yawa wayar ke jan ƙarfen ya juya garen kaɗan. Na kamfanin Dexter sunansa Nev-R-Adjust. Amma fa sunan kar ya ruɗe ka, tirela in ta daɗe a ajiye tsatsa na kama zaren garen ya ƙi juyawa, ko wayar ta zame, shikenan ya daina aiki kai baka sani ba. Kwance shi ka goge, ka shafa giris ɗin birki ɗan kaɗan a zaren kawai, kar ya taɓa lainin, wato abin da ke manne a fuskar shu yana gogar durom.

Direba_Dogo:
Oga ka faɗi gaskiya amma ni maganaɗisun da ke cikin durom, wanda ke sa shu ya kama in wuta ta zo, nake zargi. Ɗora ruler a fuskarsa, in ya ci gefe guda canza shi. Kowane ɗaya wajen amp 3 yake ja. Ka duba wayar at (earth) kuma, wadda ke komar da wutar, ita ke yawan kawo wannan rashin ƙarfin. In giris ɗin boris ya tsiyaye kan lainin ba wanki, sai sabon shu da sabon sil.

MaiTirela:
Nagode Oga, na buɗe ɗaya, siririyar wayar mai saita kansa tana nan amma garen ya ƙame, lainin ma yayi siriri. In canza na wannan tayar kaɗai?

TsohonBakanike:
A'a, in lainin ya kai 1/16 na inci gefe biyun aksul ɗin ake canzawa tare, in ba haka ba zata riƙa fizga gefe. Kuma na hagu daban na dama daban, gajeren shu ne ke kallon gaba. Sabo ma sai ka fara saita shi da hannu, juya garen har tayar ta ƙi juyawa sai ka sassauta har kaji tana ɗan gogawa kaɗan, wajen sassautawar sai ka ture ƙarfen nan da siririn sukundireba. Bayan nan ka samu hanya mara cunkoso kana rage gudu daga mil 40 zuwa 20 da birkin tirelar kaɗai kamar sau 20 zuwa 30, kana bari yana hucewa tsakani. Ƙurar ciki kuma kar ka hure ta da iska, da sifire na wanke birki ake wanke ta.