Kuɗin ƙungiya da ake cirewa daga albashin malami: a bari ko a daina?

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Alat ya shigo jiya, na zauna da takardar albashina ina bin abin da aka cire ɗaya bayan ɗaya: haraji, fansho, bashin banki, sai kuɗin ƙungiya. Ukun farko na san inda suka dosa. Na huɗun ne ya tsaya mini a rai. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli, ban tuna ranar da aka tambaye ni ko ina son shiga ba. Ra'ayina shi ne a daina cirewa daga tushe. Wanda ya ga ƙungiya tana yi masa rana ya kai da hannunsa. Abin da aka ɗauka tun kafin ya iso hannun mai shi, ba a kiransa gudummawa.

Tsohon Hedimasta: Wa'alaikumus salam. Ɗana, na ji ka, kuma ban raina kukanka ba. Amma a 2008 kana ina? Mu muna bakin aiki. Zamanin marigayi 'Yar'aduwa ƙungiyarmu ta malaman Najeriya, NUT, ta rufe makarantun gwamnati a faɗin ƙasar nan makonni, har gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari ga ƙwararrun malamai. Motocin da suka yi ta zirga-zirga Abuja, da lauyoyi, da takardun da aka buga aka raba ƙauye-ƙauye, da me aka biya? Da wannan ɗan kuɗin da kake gani. Duk wanda aka ɗauka aiki bayan nan a jihar da ta aiwatar, ya tarar da ƙarin a albashinsa ba tare da ya kwana da yunwa ko dare ɗaya ba. Ƙungiyar nan tun 1931 take, ta girmi Najeriya mai 'yanci.

Malamin Lissafi: Allah ya ƙara girma, Baba. Ba na musun 2008. Sai dai ka san jihohi nawa suka yi shekaru suna jan ƙafa kafin su biya. Kuma ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. A cikinmu nan wa ya gan shi a asusunsa? In akwai, ya yi magana.

Malamar Aji Uku: Babu. Abin da ya tabbata daga alkawuran ranar shi ne ƙara shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, wanda aka sa wa hannu ya zama doka a 2022. Shi ma ba ko'ina ake bin sa ba. Amma Malam, tambaya nake da ita. In an bar kowa ya kai da kansa, ranar 28 ga wata, mai kanti yana jira, mai haya yana jira, yaro ba lafiya, tsakani da Allah za ka kai? Ni dai na san ba zan kai ba. Ba don ba na so ba, don babu.

Malamin Lissafi: To ai kin taimake ni, Malama. In mutum ba zai iya bayarwa da son ransa ba saboda babu, ta yaya ya halatta a karɓe ba da son ransa ba?

Sakataren Reshe: Malamai, ku ba ni dama in gyara wani abu, don kalmar "dole" ta yi yawa a maganar nan. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005, zamanin Obasanjo, ya faɗa ƙarara cewa shiga ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa, ba a kuma musguna wa wanda ya ƙi. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci damar rubuta takarda ya ce a daina cire masa. Ƙofa a buɗe take. Abin da nake roƙo shi ne kafin mutum ya fita ya duba Abuja. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma malaman firamare na ƙananan hukumomin birnin tarayya ba su gani ba sai da suka ajiye alli daga Maris har Yulin 2025. Malami ɗaya shi kaɗai, ko mai gadin ofishin shugaban ƙaramar hukuma ba zai bar shi ya shiga ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malama daga Kaduna: Yallaɓai sakatare, ƙofa a buɗe take a takarda. Malamin ƙauye nawa ne ya san da wannan dokar? Wa ya taɓa tara mu ya karanta mana ita? Kuma tunda ana lissafin nasarori, a lissafa har da inda aka faɗi. A 2017 gwamnatin El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 ba, aka sallame su. An shiga yajin aiki a Janairun 2018, bai yi mako biyu ba aka janye. Na ga matan da suka koma sayar da awara, na ga dattijon da ya koma ga-ruwa. Duk wata ana cire musu kuɗin nan shekara da shekaru. Ba na cewa kowa a cikinsu ya cancanci tsayawa gaban allo, wasu kam ba su iya ba, gaskiya ce mai ɗaci. To amma in ƙungiya ta san da haka, me ya hana a ware wani abu daga kuɗin a riƙa horar da su tun kafin gwamna ya zo da jarrabawa? Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, wannan magana taki ta fi ƙarfina. Ba ni da amsarta.

Ɗalibin Shari'a: Ku yi haƙuri da ni iyayena, ni ɗan malama ne, ba malami ba. An yi irin wannan taƙaddama a Amurka. A 2018 kotun ƙolinsu ta yanke hukunci a shari'ar Janus, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa ba za a cire wa ma'aikacin gwamnati kuɗin ƙungiya ba sai ya amince da kansa. Hujjar ɓangaren da ya sha kaye ita ce ta Baba: ƙarin da aka samo kowa zai ci, har wanda bai biya ba. Ƙungiyoyin malamansu ba su mutu ba, sai dai yanzu su ke bin malami suna lallashi.

Malamin Lissafi: Wannan lallashin nake nema. A zo a same ni a makaranta a ce ga abin da aka tara bana, ga inda ya tafi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Malamar Aji Uku: Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Kuɗin nan ta hannun wa yake bi? Ta hannun gwamnatin da ake rigima da ita. Ita ke cirewa, ita ke miƙawa. ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta sha kokawa cewa gwamnatin tarayya ta cire kuɗin mambobinta ta riƙe a lokacin da suke takun saƙa. To ka ga, wanda tukunyarsa ke kan murhun wani, muryarsa ba ta fita sosai. Nan ne na ɗan karkata wajen Malamin Lissafi. Amma ina tsoro. Tun hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 kan ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hankalina bai kwanta ba. Iyayenmu sun ba mu labarin lokacin da albashin firamare ke hannun ƙananan hukumomi, a yi wata da watanni ba a biya ba. In aka koma can kuma asusun ƙungiya ya bushe, wa zai tsaya mana?

Sakataren Reshe: Batun lissafi kuna da gaskiya, ba zan kare abin da bai cancanci kariya ba. Taron reshe Asabar ta sama ne, ƙarfe goma. Zan roƙi ma'aji ya zo da takardun shiga da fita. Sai dai ku ma ku zo. Taron baya mutum nawa muka gani? Kujeru muka yi ta kallo.

Malamin Lissafi: Zan zo in sha Allahu. Takardar fita na riga na rubuta ta, tana cikin jakata, ban miƙa ba. Har yanzu ina kan bakana cewa tambaya ya kamata a fara yi kafin cirewa.

Malama daga Kaduna: In kun je ku tambayar mini nawa aka kashe wajen horar da malamai a shekara ukun da suka wuce. Ku turo mini adadin yadda aka faɗe shi.