Inshorar da ke jikin katin banki ta isa, ko sai na sayi wata daban?

Mai Injin Ban-ruwa, Kura

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fita waje. Sana'ata sayar da injinan ban-ruwa da tiyo da kayan gyaransu a nan Kura, manoman Kadawa da Garun Malam su ne masu cinikina. Da can a Sabon Gari nake saro kaya, amma bana na ƙudura zuwa Chana da kaina a tsakiyar Oktoba, lokacin baje kolin Canton a Guangzhou, in duba injinan sola, domin tsadar fetur ta sa masu noman rani ba abin da suke tambaya sai su.

Da na buɗe asusun dala, banki ya ba ni katin Visa Platinum, irin wanda ake iya cin bashi da shi. Ma'aikaciyar ta ce min yana ɗauke da inshorar tafiya kyauta: in na kwanta ciwo a can, ko jaka ta ɓata, ko jirgi ya yi jinkiri, za a biya. Shi kuma ejan ɗin da ke nema min biza ya ce in ƙara kuɗi ya yanko min wata inshorar daban. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, sai dai ba na son biyan abu ɗaya sau biyu, kuma ina zargin ko kamashonsa yake nema.

Sannan in Allah ya dawo da ni lafiya ina son kai mahaifiyata Umara. Ta haura saba'in, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Inshorar katin nawa za ta haɗa da ita?

'Yar Ringim

Wa alaikumus salam Alhaji. Na yi aiki a ofishin sayar da tikitin jirgi a Kano kafin aure ya dawo da ni gida, don haka bari in fara da tambaya: da me za ka biya tikitin?

A yawancin katunan nan inshorar ba ta fara aiki sai an biya kuɗin tafiyar da shi katin kansa. Mu kuwa mun saba, tiransifa ake yi wa ejan a naira, ko a kai masa kuɗi a leda, shi ya yanko tikiti ta asusunsa. In haka ka yi, katin yana aljihunka ne kawai kamar injin da ba a zuba wa mai ba. Mutane da yawa sun zo mana da kuka bayan sun dawo, kuma wannan ne ya kayar da su tun a matakin farko.

Ma'aikaciyar bankin ba ƙarya ta yi maka ba, amma ba banki ne ke biya ba. Akwai kamfanin inshora a bayan katin, kuma shi takardar sharuɗɗa kawai ya sani, bai san abin da aka faɗa maka a kan tebur ba. Ka koma ka ce su ba ka wannan takarda, ko su turo maka ta imel, ka samu mai Turanci sosai ku zauna ku bi ta layi-layi. Ka duba kwana nawa aka yarje wa tafiya ɗaya, da iyakar kuɗin asibiti, da nawa za ka fara biya daga aljihunka kafin su ɗora. Ka kuma adana lambar gaggawarsu a waya da kuma a takarda, domin galibi suna son a kira su kafin a kwantar da mutum, ko da zarar an samu hali. In ba a kira ba, sai ka biya da kanka, ka tara rasit da rahoton likita, ka dawo gida kana bin kuɗinka.

Wani abin da 'yan kasuwa ba sa so su ji: a ɓangaren jaka, inshorar tafiya ta kayan jikinka ce, riguna da takalmi da makamantansu. Samfurin kaya da ka cusa a jaka don sayarwa ba ya ciki. Injinan da za ka loda a kwantena kuwa inshorarsu daban ce, ta kayan jirgin ruwa, da mai yi maka lodi za ka yi wannan maganar.

Batun Hajiya mahaifiyarka, kada ka sa rai. Abin da aka saba gani shi ne mai katin da matarsa da 'ya'yansa ƙanana. Uwa ba ta cika shiga ba, ga iyakar shekaru, ga kuma ciwon da mutum ya riga ya san yana da shi, wanda kusan duk suke cirewa.

Na Auyo

Abin da Hajiya 'Yar Ringim ta faɗa a ƙarshe shi ya same mu, kuma har yau gidanmu bai gama farfaɗowa ba. Yayana dillalin riɗi ne, ya fita waje ganawa da masu sayen kayansa, yana da irin wannan katin. Ana gobe zai dawo ya faɗi a masauki, ɓarin jikinsa ya shanye. Wani ɗan Gumel da ke zaune a garin ne ya kai shi asibiti, ya riƙa turo mana saƙon murya cikin dare. Ina jin ƙarar na'urori a bayan muryarsa yana cewa sun ce a ajiye kuɗi kafin a wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman.

Muka kira lambar da ke bayan katin. Sun yi mana magana da mutunci, amma suka nemi shaidar cewa da katin aka sayi tikiti, babu. Suka nemi tarihin lafiyarsa, ga shi shekara da shekaru yana shan maganin hawan jini. Magana ta ƙare a nan.

Ranar Alhamis muka kora shanun huɗarsa biyu kasuwar Maigatari, muka jinginar da fadamar da yake noman shinkafa, aka yi mana karo-karo a masallacin Juma'a. Abin da ya fi cin kuɗi ma ba jinyar ba ce, dawo da shi ne. Marar lafiyar da ba ya iya zama sai an cire masa kujeru da dama a jirgi an kafa gado, kuma sai da ma'aikacin jinya ya rako shi. Alhaji, in za ka sayi ta daban, wannan layin za ka fara nema: ɗaukar marar lafiya zuwa gida, da dawo da gawa in ta Allah ta kasance. Kuma ka faɗa musu gaskiyar lafiyarka a fom. In ka ɓoye, likitan can zai rubuta, su kuma su kama da nan.

Abu Safiyya

Allah ya ba yayanka lafiya, ya mayar muku da alheri. Ni dai ina ganin kada a tsorata Alhaji fiye da kima. Mutum mai ƙuruciya, lafiyayye, tafiyar mako biyu, in ya sayi tikitinsa da katin kai tsaye a shafin kamfanin jirgi, inshorar katin tana aiki, ni ma da ita nake fita. Batun jaka kuwa, kamfanin jirgi ne farkon wanda za ka riƙe. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora musu alhakin kayan fasinja zuwa wata iyaka, kuma in jaka ta kwana 21 ba ta iso ba ana ɗaukarta ta ɓata. Ka dai tabbata ka cika takardar rahoto a teburin kaya kafin ka fita daga filin jirgi, ko a can ko a Malam Aminu Kano, ka kuma riƙe ɗan tikitin jakar da suke liƙa maka. Masu inshora ma wannan takardar za su fara tambaya.

Inda kati kaɗai ba lallai ya wadatar ba shi ne neman bizar Turai. Ƙasashen Shengen, wato na Turai da ake shiga da biza ɗaya, suna neman takardar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 mai ɗauke da sunanka da ranakun tafiya.

Malamin Islamiyya, Kazaure

Ɗan'uwa, akwai ɓangaren addini da ya kamata ka sani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas a ciniki, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Malamai da dama suna sassautawa idan hukuma ce ta tilasta, kamar wajen biza. A Najeriya akwai kamfanonin takaful da hukumar NAICOM mai kula da inshora ta ba lasisi, irin su Noor da Jaiz, ka tambaye su ko suna da tsarin matafiya. Shi ma katin bashin ka kula, in ka wuce wa'adin biya kuɗin ruwa ne zai hau kanka.

Game da Hajiya, kuɗin bizar Umara ya ƙunshi inshorar lafiya ta gaggawa da Saudiyya ta wajabta. Ka sa ejan ya fitar maka da takardarta, ka kuma tafi mata da maganinta isasshe tare da rubutun likitanta.

Mai Injin Ban-ruwa, Kura

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na Auyo, labarinku ya taɓa ni, Allah ya tashi kafaɗarsa.

Jiya na shiga Kano na karɓo takardar, ƙanena da ke koyarwa a sakandare ya karanta min. Kamar yadda Hajiya 'Yar Ringim ta ce ne: sai an biya tikiti da katin, iyaye ba sa ciki, kayan sayarwa ba sa ciki. Akwai kuma ciwon da aka taɓa jinya, ni kuwa an taɓa yi min aikin tsakuwar ƙoda. Don haka zan biya tikitin da katin, in mayar da kuɗin kafin wa'adi, sannan in sayi ta lafiya daban, in rubuta musu batun ƙodar. Ejan ya amince zai yi min biza kaɗai.

Saura Hajiya. Wanda ya san kamfanin da ke karɓar wanda ya haura saba'in kuma yana da suga, don Allah ya rubuta min a nan abin da suka nema a wurinsa.