Neman shawara: likita ya ce a ciro nama daga bayan yarona a rufe ƙwaurinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Jega nake. Yau kwana huɗu da motar albasa ta take ɗana mai shekara 9 yana dawowa daga Islamiyya. Ƙwaurin ya karye, naman wurin ya saɓule, in an kwance bandeji har farin ƙashi nake gani. Sau biyu ana wanke ciwon a tiyata, an kafa masa ƙarafan nan na waje. Yanzu likita ya ce dashen fata ba zai kama ba, sai an ciro tsoka da jijiyoyinta daga bayansa an dasa. Kakarsa kuwa ta kafe sai dai ɗori. Ni tsorona kada garin gyaran wuri ɗaya a ɓata biyu.

Wata nas, Birnin Kebbi:
Sannu Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya likita ya faɗa miki. Fatar da ake dasawa siririya ce, da jinin naman da ke ƙarƙashinta take rayuwa, ƙashi tsirara kuwa ba shi da abin ba ta. A wannan aikin ana ɗauko naman da jijiyoyinsa na jini, a ɗinke su da na ƙafa ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu. Kaurin jijiyar milimita 1 zuwa 3 ne, zaren ma bai kai gashin kai ba, shi ya sa aikin kan ci awa 6 ko fiye. Kwana ukun farko ne na fargaba: a kai a kai ake duba launin naman da ɗuminsa, in ya yi duhu ko sanyi sai a koma tiyata nan take. Bayan nasa zai warke, tabo ne zai saura. Jinkiri ne ban so, an fi son a rufe cikin mako guda tun cuta ba ta zauna a ƙashi ba.

Wani dattijo, Argungu:
'Yata, ciwon da ƙashi ya fito waje ba na kara da tsumma ba ne. Ɗan ƙanwata haka aka ɗaure shi tamau, kwana biyar yatsu suka yi baƙi, sai yankewa. Kada ki yi musu da surukarki. Babansa ya shiga da ita ta ga ciwon da idonta.

Wani ɗan uwa, Yawuri:
Ku tambayi likitan ƙeƙe-da-ƙeƙe: nan za a yi, ko takarda zai ba ku zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ko na ƙashi da ke Dala a Kano? Ku riƙe hotunan ƙashin, ku tanadi masu ba da jini.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Ɗazu Kaka ta shiga lokacin wankin ciwo. Ba ta ce uffan ba, sai ta fito tana tambayar nawa ne kuɗin mota zuwa Sakkwato.