Wace kalma za mu ba “jet lag” a Hausa?

Jiya na ji wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Guangzhou ta ƙasar Sin yana cewa jet lag ne ya hana shi fitowa shago kwana uku. Kowa a wurin ya gane abin da yake nufi, wato halin da mutum yake shiga in jirgi ya kai shi inda agogo ya bambanta da na gida, amma babu wanda ya iya faɗinsa da Hausa. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Wani Malam ya ce “gajiyar jirgi”. Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban yarda ba, ga dalilina. Daga Legas zuwa Landan kusan kilomita 5,000 ne, awa 6 da rabi a sama. Mutum zai sauka ƙafa a kumbure, baya ya ƙage, amma daren nan zai yi barcinsa lafiya, domin agogon Landan da namu ɗaya ne a lokacin bazararsu, a hunturu kuma bambancin awa 1 ne kacal. Wannan ita ce gajiya, wanka da kwanciya sun isa su kore ta.

Tafiya gabas ko yamma kuwa wani abu ne daban. Bambancin agogo tsakanin Kano da Sin awa 7 ne. Ƙarfe 10 na dare a Guangzhou ka kashe fitila ka kwanta, jikinka kuma yana ƙarfe 3 na rana, ko la'asar bai yi ba. Ido ya ƙeƙashe, ka yi ta juyi. Sai wajen ƙarfe 5, daidai lokacin da za ka tashi sallar asuba, barci ya zo da nauyinsa. Ƙarfe 9 na safe kana gaban mai kaya kana lissafi, kanka yana ƙarfe 2 na dare, sai ka ga ka ƙirga katan sau uku ba ka riƙe adadin ba. Agogon jiki hasken rana yake bi, a hankali yake gyaruwa, kamar awa 1 a kowace rana, kuma tafiyar gabas ta fi wuya. Ku duba wanda ya hau jirgin Singapore Airlines daga Singafo zuwa New York: sama da kilomita 15,000, fiye da awa 18 ba sauka, ya tarar dare ya koma rana.

Wata Hajiya ta kawo “jirkicewar agogon jiki”. Hajiya, ma'ana ta fito sarai, a littafin likita ita zan zaɓa. Sai dai ta yi wa baki tsawo, ba wanda zai faɗe ta a waya.

Tawa ita ce “magagin jirgi”. Magagi shi ne halin nan da mutum ido biyu amma hankalinsa bai iso ba, ya tashi yana neman ƙofa a jikin bango. An ce mini ai magagi na ɗan lokaci ne. Haka ne, amma Bahaushe ya riga ya faɗaɗa kalmar, tun da muna cewa magagin mutuwa.

Ku gwada ta a baki: “Alhaji ya dawo?” “Ya dawo tun shekaranjiya, magagin jirgi ne bai sake shi ba.” Ni dai a kunnena ta zauna. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku ma haka kuka ji ta, ko kuna da wata?