Taurin bayan gida ga masu cutar Chagas: shawarwarin da aka tattara

An yi wata tattaunawa kan taurin bayan gida ga masu cutar Chagas, aka fara da dalilin matsalar. Ƙwayar cutar Chagas, wadda ta fi yawa a ƙasashen Latin Amurka irin su Burazil da Boliviya, tana lalata jijiyoyin bangon babban hanji, sai ya buɗe ya kasa tura bahaya. Wani ya kan yi mako guda bai zaga ba, ciki ya kumbura kamar ganga.

An ce a yawaita shan ruwa, a riƙa tattaki, a sha maganin sassauta ciki da likita ya rubuta. Ganyayyaki na taimakawa da farko, amma in hanjin ya riga ya buɗe sosai, yawan cin ganye da dusa na iya ƙara toshe shi, kuma a nan aka fi jan kunne. In ga amai da ciwon ciki mai tsanani, tusa ma ba ta fita, a garzaya asibiti, don hanji na iya murɗewa.